Rasuwar Hajiya Fara a Hannun Illia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi ninkinsa, ni Sadissou na unguwar Hajara nake sanar da 'yan'uwa mazauna Sabha ta ƙasar Libiya rasuwar motata jif, wadda aka fi sani da Hajiya Fara. Ta cika a cikin rairayin hanyar Zighan, ana tsakiyar kakar dabino, da buhunan dabinon mutane a bayanta.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ita ke kai leburori gona da safe, ta dawo da dabino kasuwa da yamma, da ita nake ci da gidana. Abin da take nema kaɗan ne: in za a shiga yashi a rage mata iskar taya, a sa mata ƙaramar giya, a bi ta a hankali. In aka yi mata haka sai ka ji tana "hummm" kamar tsohuwa mai jan carbi.

Ajalinta ya zo ta hannun Illia, ƙanin matata Chafaatou, wanda zazzaɓi ya sa na miƙa wa makulli. Wannan bawan Allah a kan kwalta ya koyi tuƙi, amma in yana ba da labari sai ka rantse a cikin sahara aka yanke masa cibiya. Da suka zo bakin yashi leburori suka ce a rage iska. Ya ƙi, wai shi da hannunsa ya buga ta da safe, ba zai zubar da wahalarsa ba. Ƙaramar giya kuwa, a wajensa ta matsorata ce.

Da ta kafe bai sauka ya ɗauki shebur ba, don kada farar shaddarsa ta yi ƙura. Ya taka totur har ƙasa. Ya jefa ta gaba, ya fizgo ta baya, ya sake jefa ta gaba tayoyi ba su ma tsaya ba. Jar fitila ta kama, tana faɗa masa man giya ya yi zafi. Gwanin namu ya manna mata takardar alewa, wai tana ɗauke masa hankali. Kalamanta na ƙarshe, in ji waɗanda suka halarta, su ne "ƙirrr, ƙirrr, ƙas". Daga nan sai ƙaurin mai.

Bakanike Nazirou na unguwar Mahdiya ya buɗe giyabos ɗin, ya leƙa, ya mayar da murfi, ya yi mini gaisuwa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu cike da iskar Illia, da shebur wanda bai taɓa yashin ranar ba, da leburorin da tuni suka koma motar Seyni, kishiyata a wannan sana'a. Mai gonar ma ya bi su. Illia yana nan lafiya lau a tsakar gidana, yana cin tuwona, yana gaya wa baƙi dama motar ta tsufa. Yayarsa ta ce in yi haƙuri, yaro ne. Yaron da furfura ta fara fito masa a gemu.

Za a ja gawar zuwa garejin Nazirou ranar Alhamis bayan La'asar, inda za a rarraba abin da ya yi saura. Masu ta'aziyya su zo da yamma, don da safe ba za su same ni ba. Ina bayan motar Seyni tare da leburorin da nake ɗauka a da, za mu tsinkar dabino.