Kunkurun Madam a Ƙarƙashin Hijabi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ɗaga kunkurun Madam na ji shi sanyi ƙalau kamar dutse ba.

Sabuwar 'yar aiki ce ni a wani gida a unguwar Garrafa can ƙasar waje, ana tsakiyar Kofin Duniya a ƙasar. Madam ta yi tafiya ta bar mini amanarsa. Ni kuwa tun korona ba na ganin abu in ƙyale shi, don haka na goge akwatinsa tas da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Washegari na ja ƙafarsa, shiru. Shi ke nan, na kashe dabbar kafil, wato Madam da ta ɗauko ni aiki, saura a sa ni a jirgin Kano.

Na naɗe shi a ɗankwali na cusa ƙarƙashin hijabi daidai cikina (kada ku tambaye ni ina jakata), na shiga jirgin ƙasa zuwa wajen likitan dabbobi a unguwar Bin Mahmud. Jirgi cike maƙil da 'yan kallon ƙwallo, ana ta ganga. Can sai na ji farce ya karce ni, na ƙwala ihu.

"Wayyo Allah, gawa ta tashi!"

Ganga ta tsaya. Kunkuru ya saki fitsari, ruwa mai ɗumi ya bi zanena har ƙasa. Jama'a suka dubi tudun cikina, suka dubi ruwan, aka dare ana ba ni kujera. A tasha wani mai gadi, Bahaushe, ya taho da gudu.

"Sannu 'yar'uwa! Naƙuda ce? Ina maigidan?"

Kunkuru ya leƙo da kansa ta bakin hijabi. Mutumin ya daɗe yana kallonsa.

"To, barka. Namiji ne ko mace?"

Likita sai da ta gama dariya ta yi mini bayani. Asalinsa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa ce can Kazakistan, ba bishiya sai iska da dawaki. In hunturu ya zo ƙanƙara ta rufe ciyawar, su kunkuru da kurege sai su shige rami su yi barcin watanni. Na'urar sanyin ɗakin ce ta ruɗe shi, ɗumin jikina ya tashe shi.

"Lafiyarsa lau. Kalas, magana ta ƙare, aikinki na nan."

Na fito da jiƙaƙƙen zani, kaina a sama kamar ni na ci kofin. Yanzu kafin in yi wa abu makoki, sai na ɗumama shi tukuna.