Ranar da Hatimin Tsurumi Ya Rusuna

Duk garin nan namu babu mai tausayin talaka kamar Shugaba Kuramochi, mai masana'antar awara ta bakin kogi. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi. Kullum da safe yakan jera ma'aikatansa goma sha huɗu a tsaye, wake na jiƙe yana jiran niƙa, ya tuna musu cewa shi ba maigida ba ne, uba ne. Su kuma 'ya'yan, da ya juya baya, Sarkin Awara suke ce masa.

"Shekara talatin ban taɓa korar ko kyanwa ba," in ji shi. "Duk wanda ya bar gidan nan, ƙafarsa ce ta fitar da shi."

Gaskiyarsa. Shi nuna ƙofa kawai yake yi.

Akwai ladabi guda da uban nan yake ji da shi. A kan takardun aiki, inda kowa ke buga jan hatimin sunansa a jere a madadin sa hannu, nasa ne na farko, a miƙe ƙyam. Na sauran dole su karkato wajen nasa kamar masu gaisuwa. Akawu ya ɗan karkata, direba ya ƙara, na mai shara kuwa saura kaɗan ya kwanta. Mutum ɗaya ce ta gagara, wato Tsurumi mai dafa madarar wake. Shekara ashirin da biyu tana buga nata a tsaye, in aka yi magana ta ce haka hannunta ya saba.

Da ya sayo injin da ke yin aikinta, sai ya kira ta, ya zuba mata shayi da hannunsa mai albarka, ya ce daga Litinin ta huta. A takardar sallama kuma ya rubuta cewa ita ta ajiye aiki don raɗin kanta. Wanda aka kora, kuɗin inshorar rashin aiki ba sa ɓata lokaci, kuma yakan daɗe yana karɓa. Wanda ya tafi da kansa sai ya sha jira, a ba shi na ɗan lokaci a rufe. Tsurumi ta kusa sittin, mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma babu mai ɗaukar tsohuwa aiki. Kuramochi ya san duk wannan sarai. To amma da wane ido zai kalli ƙungiyar 'yan kasuwa, wadda ta ba shi lambar yabo saboda bai taɓa kora ba?

Tsurumi ta kai kukanta ofishin ƙwadago, aka duba, aka ce kora ce. Ranar nan, Sarkin Awara ko abincin rana bai ci ba. Ya shigar da ƙorafi a rubuce, shafi tara, bakwai daga ciki tarihinsa ne. Ranar zaman sauraron ƙorafin ya saka baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya maƙala lambar yabon a ƙirji. Ya zo da wasiƙar ajiye aiki mai ɗauke da hatimin Tsurumi, ga kuma kwali cike da takardun shekara ashirin da biyu, don hukuma ta ga irin matar da ya yi ta haƙuri da ita.

Jami'ar da ke sauraro, Malama Nagumo, ta ce ya yi bayani a taƙaice. Ya miƙe ya gyara murya.

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake ciyar da garin nan. Buɗe kwalin nan ki ga taurin kai. Akawu ya rusuna, direba ya rusuna, ita kuwa ga ta nan ƙiƙam kamar turken wuta."

Nagumo ta yi ta buɗe takardu. Can ta tambaya ko akwai inda Tsurumi ta taɓa karkata hatiminta.

"Ko sau ɗaya babu. Rubuta ki ajiye, ni na faɗa."

Ta rubuta. Sannan ta ɗauko wasiƙar ajiye aikin ta shimfiɗa a gefensu. Hatimin da ke kanta ya rusuna har ya fi na mai shara ladabi.

Allah sarki, bawan Allah. Ranar da ya ciro hatimin daga aljihun teburin matar a ɓoye zai buga a wasiƙar, ya san a tsaye ya kamata. Hannun ne ya ƙi. Mutum ya shekara ashirin da biyu yana jiran gaisuwa, ga ta ta zo har tafin hannunsa, ya za a yi ya bar ta ta wuce?

Sai ya ce ai nadama ce, a ranar ƙarshe matar ta gane girmansa. Ya rantse da sunan kakansa cewa bai taɓa ko ganin hatimin nan ba. Nagumo ta ce hukuncin farko yana nan daram, Tsurumi za ta karɓi kuɗinta na korarriya.

Tsurumi, wadda tun shigowarta take zaune da jaka a cinya, ta tashi ta yi wa jami'ar godiya. Sannan ta juyo gare shi cikin sanyin murya.

"Shugaba, a taimaka a ba ni hatimina. Akwai takardun asibitin maigidana da ke jira."

Shekara ashirin da biyu, yau ce rana ta farko da ta roƙe shi wani abu, kuma a gaban hukuma. Fuskarsa ta washe. Ya sa hannu a aljihun kwat, ya ciro hatimin, ya miƙa mata da hannu biyu kamar mai raba kyauta a taro.

Nagumo ta sake buɗe alƙalaminta.

"Ranka ya daɗe, koma ka zauna," in ji ta. "Yanzu kuma naka zaman za mu fara."