Yadda Za Ka Haɗa wa Surukinka Giyar Rake Ka Tsira da Aurenka

Kai masoyi, share hawayenka. An gwada wannan hanya a kan Aurélien, ɗan maƙwabcinmu a garin Le François, wanda ya tashi a gidan da ba a shan komai sai ruwan gwaiba, ya kuma je ya faɗa son Maryse, 'yar Baba Firmin masunci. Bi sawunsa, na yi maka alkawarin aure, ko wani abu mai kama da shi.

1. Fara da ƙarya

Maryse ta ce babanta zai zo ranar Lahadi ya duba ko Aurélien ya isa a ba shi 'ya. "Ka dai iya tarbar baƙo da giyar rake ko?"

Ya dafa ƙirji. "Ni? Da ita aka yaye ni."

Kai ma faɗi haka. Ƙauna ba ta shiri da "ban sani ba".

2. Kada ka tambayi kowa a unguwa

Kowace tsohuwa za ta ce maka ka ajiye kwalba da lemun tsami da zumar rake a kan tebur, ka koma gefe, kowa ya haɗa nasa da hannunsa. Wannan ya yi sauƙi da yawa ga zuciyar da ke ci da wuta. Nemo hoton abin da baƙi ke sha a otal ɗin bakin teku, ka kwaikwaya.

3. Markaɗa gidan gaba ɗaya

Abarba, kwakwa, ayaba, mangwaron da ya fara laushi. Aurélien ya zuba giyar da ido rufe, don warinta na sa shi atishawa. Abin ya fito da launin faɗuwar rana, ya tsaya yana kallonsa har ya yi ƙwalla. Idan ba ka yi kuka ba, ƙara abarba.

4. Cika da ƙanƙara, kafa 'yar laimar takarda a kofi

Masana sun tabbatar cewa dattijo ba ya iya fushi da abin da ke riƙe da laima.

5. Miƙa da hannu biyu

Baba Firmin ya dubi kofin, ya dubi 'yarsa.

"Maryse, wa ke jinya a gidan nan?"

"Baba, don Allah."

"Yaro, ruwan sama ake yi a ciki da ka kafa masa laima? Kuma wa ya ce ka taɓa mini giya? Hannuna ya shanye ne?"

Aurélien ya ji aurensa na narkewa tare da ƙanƙarar. "Baba, ni ko ɗanɗana ta ban taɓa yi ba," ya ce.

6. Bar matattu su sha

Tsohon ya miƙe ya fita tsakar gida. Maimakon ɗigon da ake zuba wa magabata a ƙasa, sai ya tuttule kofin kaf, har da laimar.

"Wannan na marigayiya surukata ne. Ita ma ba ta taɓa ƙaunata ba."

Ya dawo ya jawo kwalbar, ya matsa ɗan ɓawon lemun tsami, ya ɗiga zuma, ya kurɓa.

"Ka ce ba ka sha? Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Mazajen yayyen Maryse sun ƙarar mini da duk kwalbar da na ɓoye, har ta cikin kwalekwale." Ya tura wa Aurélien kujera da ƙafa. "Zauna, ɗana. Maryse, kawo wa mijinki ruwan gwaibarsa."

Gargaɗi: Idan naka surukin mai son abokin sha ne, ko marigayiyar ta biyo ka a mafarki tana neman ƙarin abarba, ni ban san ka ba, ban kuma taɓa rubuta komai ba.