Rasuwar 'Yar Gulma, Wadda Ba Ta Jin Kunyar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Nu'uman, ɗan farin Malam Fannami masunci na Kirikasamma, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gida da na Haɗeja rasuwar na'urarmu ta auna tangaɗi, wadda aka fi sani da 'Yar Gulma. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a cikin kwanon shinkafa, bayan gajeriyar jinya.

Ga wanda bai santa ba, marigayiyar ba ta wuce kwalin ashana ba. Ɗaura ta ake yi a ƙugun mutum da ɗamara, ta baya. Mutum ya haɗa ƙafafu ya rufe ido, ko ya taka daga zaure zuwa rijiya, ita kuma tana lissafin yadda jikinsa ke karkata, tana zana wa waya layi. Kore lafiya, ja kuwa a nemi wurin zama. In ya ɗan karkace sai ta ce ƙit-ƙit. In faɗuwa ta taho sai ta ce tiiii, da muryar da ake ji har gidan maƙwabta. Duk maganarta a duniya ke nan, amma wallahi ta fi mu iya magana.

Ta shigo gidanmu damina biyu da suka wuce, bayan Baba ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya tashi kafaɗarsa, sai dai ƙafar hagu ta koyi makara, jiri kuma na kawo masa ziyara ba sallama. Baba kuwa a tsaye yake jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, cikin kwalekwale tun kafin a haife ni, bai san wani kamun kifi a zaune ba. Malama Halimatus Sa'adiya, mai gashin ƙashi a wani asibiti a Haɗeja, ta ce kada ya kuskura ya hau ruwa. Ya ce mata 'yata, ruwan nan ya san ni. Liman ya yi masa nasiha, Baba ya ce Allah gafarta Malam ka taɓa hawa jirgi? Da abin ya ishi Malama sai ta ɗauko wannan baiwar Allah, ragowar wani bincike da aka gama, ta ɗaura masa, ta ce to Baba, ga wadda za ku yi gardama da ita.

Jama'a, ku da kuka san gidanmu kun san halin da muke ciki. Ni ɗan fari ne, ko sunana Baba ba ya faɗa, yaron nan yake cewa. Ta ina zan dubi idonsa in ce masa ƙafarka ba ta ɗaukarka? Iya Falmata, mahaifiyarmu, in ta buɗe baki sai ya ce so take ya zauna yana taya ta tsintar tsakuwa a shinkafa. Ƙanwata Mardiyya kuka ne iyakar hujjarta. Marigayiya kaɗai ce ba ta san kunya ba. Ta yi masa tiiii a gaban surukansa. Ta yi masa a bakin masallaci ranar Juma'a, yana cusa ƙafa a takalmi. Shi ya raɗa mata 'Yar Gulma, ran da ransa ya ɓaci kuma ya kira ta munafuka, amma bai taɓa ƙaryata ta ba. Da amininsa Alhaji Kolo ya tambaye shi dalili, cewa ya yi ita ba ta da gado a wurinsa, me za ta ci da yi masa ƙarya. Kullum da safe ya sa a auna shi, ya leƙa wayar, ya ga ja, ya yi tsaki, ya koma gindin tsamiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Damina biyu cur jirginsa yana ɗaure a bayan gida, mu kuma muna cin abinci yana wuce mana lafiya.

Ba ta da rowa. Ta auna Iya, ta auna Alhaji Kolo, ta auna tsofaffin unguwa da suka riƙa zuwa don su kayar da Baba, yawancinsu suka koma gida da ja suna cewa ƙasar tsakar gidanmu ce ba daidai ba. Ba ta ci ba ta sha, sai ɗan caji a shagon mai sola.

Ajalinta ya zo tare da ruwan bana. Da kogi ya yi ambaliya ya shigo bayan gida, igiyar jirgi ta fara saki. Baba bai kira kowa ba, ya shiga ruwa iya gwiwa da la'asar. Muna cikin kwashe buhuna muka ji tiiii, ba tsayawa. Muka ruga muka tarar da shi zaune cikin ruwa har wuya, hannu ɗaya riƙe da igiya, ita kuma tana ta ihu daga ƙarƙashi, muryar tana shaƙewa. Muka fito da su tare. Shi ya tsira da tari. Ita ta sha ruwa.

An yi iya yi. Iya ta binne ta a cikin shinkafarmu ta fadama, mai kyan ma, wadda ake ajiye wa baƙi, don ta tsotse ruwan. Ta ɗan farfaɗo, sai dai hankali ya gushe: muka ɗaura wa turmi ita don gwaji, ta ce turmi jiri yake. Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwo. Na kai ta wurin masu gyaran waya a kasuwar Haɗeja, suka buɗe cikinta, suka leƙa, suka rufe, suka ce sai haƙuri. Na je wurin Malama Halimatus Sa'adiya, ta ce masu binciken sun daɗe da tafiya, ba ta da wata, ba ta kuma san inda ake samu ba. Na mayar da ita cikin shinkafa don kada Iya ta ce ban yi ƙoƙari ba. A nan ta ce ƙit, sau ɗaya, shi ke nan.

Ta rasu ta bar ɗamara, da caja, da waya mai nuna fili fari fat. Ta bar Iya, wadda ta daina barcin rana. Ta bar Mardiyya da kukanta. Ta bar Malam Fannami, wanda bai zubar da hawaye ko ɗaya ba. Da na kai masa labari, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce to, mai hana ni ta tafi, saura wa? Muka sunkuyar da kai gaba ɗayanmu. Ran nan ya aika aka sayo kwalta ya liƙe jirgi. Ni ma ta bar ni, kuma na gwada gadon aikinta. Na lallaɓa bayansa yana tafiya yana karkata, na ce tiiii a hankali. Ya waiwayo. Na ce kaji nake kira. Tsoro nake ji, jama'a, ban san yadda zan yi ba.

Game da jana'iza: ba za a yi salla ba, liman ya ce mu rufa masa asiri. Za a rufe ta gobe Asabar da safe a gindin tsamiya, daidai inda jirgin yake, an riga an kife shi don baƙi su sami wurin zama. Muna roƙon masu jiki su zo da wuri su hau kai, Alhaji Kolo a tsakiya. Baba ne zai karɓi gaisuwa, don shi ya fi kusa da mamaciya, kuma duk taurin kansa ba zai tashi ya bar masu ta'aziyya ba. Ku zo ku daɗe. Wanda ya yi gaisuwa da safe ya dawo da yamma, ba za mu ce mun gan shi ba. Akwai shinkafa, ita ɗin dai, Iya ta ce ba za a zubar ba.

Mun nemi zaman bakwai, Baba ya ce uku addini ya sani. Birginsa na nan a ninke kusa da tabarmarsa. Saboda haka duk wanda Allah ya hore wa ido da zai dubi Malam Fannami ya faɗa masa abin da marigayiya take faɗa, don Allah ya bar gaisuwar kwana ukun nan, mun yafe masa. Ya zo ran na huɗu da sassafe, bakin ruwa. Zai gan ni a tsaye riƙe da ɗamara, bakina a rufe.