Ashana a Hannun Amarya

"Lafiya lau na tashi, ango, tunda ba ka iya gaisuwa ba ni na amsa. Wannan warin fa, naka ne ko na aikinka?"

Mai fenti ya ɗago a firgice, rolar shafa fenti a hannu. Kakarsa ce tsaye a bakin ƙofar ɗakinta can ƙarshen tsakar gida, ta toshe hanci da gefen mayafi. Shi kuwa ya riga ya iso ƙofar fita, tsakaninsu daɓen siminti ne shimfiɗe da ɗanyen fenti yana ƙyalli.

Rana ce ta cinye daɓen gidan, duk ya tsattsage yana tashin gari, da azahar kuwa in tsohuwa ta taka ba takalmi sai ka ji salati. Shi ya sa ya samo fentin daɓe mai toshe tsaga da rage zafi, ya sirka shi da tina, ruwan tsinka fenti mai saurin kama wuta, ya faro da sassafe kafin siminti ya gasu, don in ya gasu fentin ƙuraje yake yi. Daga ƙofarta ya soma yana ja da baya, bayan gwaggonsa ta tabbatar masa kowa ya tsallaka maƙwabta. Ashe tsohuwa cewa ta yi su yi gaba tana tafe, ta koma ta miƙe abinta.

"Amarya! Ke da na ce a kwashe da sauran tarkacen gida, me ya bar ki?"

"Tarkace ne ya haifi ubanka. Ina zan je in bar ka da ɗakina, ka sace mini kwanuka ka kai wa kishiyata, waccan mai siririn wuyan?"

"Kwanukan da suka girmi kwalta? Ko bola sai an haɗa ta da Allah kafin ta karɓa. Ki koma ciki ki rufe ƙofa, ki buɗe tagar baya. Kada ki taka nan sai ya bushe."

"Ji miji! Ya shafe wa matarsa hanya da majina, ya tsaya daga nesa yana ba da umarni. Wallahi na auri maza, ban taɓa auren mai wari irinka ba."

"Su waɗancan ai warinki ne ya kashe su."

Ta yi dariya har da tari, ta shige. Ya sunkuya zai ƙarasa ɗan gurbin da ya rage, kansa na sarawa. Katangar gidan doguwa ce, iska ko ta rantsuwa babu, tururin tina ya kwanta a tsakar gida kamar ruwa a kwano. Sai ya ji ƙarar an dire abu a dokin ƙofa. Ya ɗago. Kaskon turare ne, da gawayi a ciki da 'yar takarda. Tsohuwa ta durƙusa a gabansa tana girgiza kwalin ashana a kunne.

Ya taɓa ganin abin nan da idonsa, a wani gini da suka yi aiki, ranar da abokin aikinsa ya ƙyasta wa sigari wuta a irin wannan tururin. Wutar ba ta tsaya kama wani abu ba, iskar kanta ce ta kama. Har yau mutumin ba ya iya rufe tafin hannunsa.

"Ke! Me za ki yi?"

"Turare zan sa, in kori warin ango."

"Kada ki ƙyasta! Wuta zai kama, gidan nan gaba ɗaya!"

"Oho, yau kuma da wuta aka zo? Bara ka ce mini in na sha ruwan firji haƙorana za su sake tsirowa. Kwanaki ka ce an hana tsofaffi shiga mota sai da lasisi, na zauna a gida har biki ya wuce."

Ga inda abin ya ɓaci ke nan. Tun yana rarrafe yake shirga mata ƙarya tana rama masa, yau ga gaskiya tsirara a bakinsa, kuma ba ta da maraba da sauran.

"Wannan ba wasa ba ne, na rantse miki!"

"Da lasisin ma ka rantse."

Ta zaro tsinke ɗaya. Ta goga a gefen kwali. Ƙyas! Kan ya gutsure ya faɗi bai kama ba.

"Ashanar zamani ma ta zama irin mazan zamani," in ji ta, tana laluben wani. "Sai ƙara, ba aiki."

"Ki ji, zan saya miki turare na kwalba, mai fesawa! Zan saya miki atamfa! Zan saki waccan mai wuyan, ke kaɗai!"

"Kai, yau ango ya haukace. Ƙara dai, ina ji. Mota fa?"

"Har jirgi! Ki ajiye kwalin nan!"

"To bari in ƙamsasa ɗaki, kada mai jirgi ya shigo ya ji wari."

Ya waiga titi. Ba kowa sai wata akuya. Ya buɗe baki zai ƙwala wa gwaggo kira, ya tuna ko ta ji, ita ma ta nan ƙofar za ta shigo, ba ta fi shi kusa ba. Tsohuwa kuwa ta samu tsinke na biyu, ta kawo shi dab da ido tana duba kansa, ta gyara riƙo.

"Kaka!" Ya ƙwala mata kira. "Kaka, don girman Allah!"

Ta ɗan dakata, don rabon da ya kira ta haka ta manta. Sai kuma ta murmusa, ta ɗauka sabon salo ne, ta kai tsinken jikin kwali.

Ya yi jifa da rola ya faɗa cikin fentin. Taku biyu silifas ɗinsa suka manne suka tsaya, ya fice daga cikinsu ya ci gaba da ƙafa. Santsi ya kwashe shi a tsakiya, ya zube a gwiwa, ya miƙe, ya sake zubewa, ya ƙarasa da rarrafe yana jan aikin safiyarsa duka a ƙirji da hannuwa. Ya damƙi hannunta biyu, da kwalin da tsinken, ya matse.

"Kai! Za ka karya ni, ɗan banza!"

Numfashi yake kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi daɓen da ya kwana biyu yana wankewa yana kankarewa, ga shi yanzu duk sawun gwiwa da tafin hannu. Ta san jikanta. Zai iya yi mata ƙarya daga safe har dare, amma ba zai ɓata aikinsa don wasa ba. Dariyar ta bushe a fuskarta.

"Hau," ya ce da ƙyar, ya juya mata baya. "Ba za mu zauna a cikin wannan ba."

Ba ta yi musu ba. Ya goya ta, ba ta fi buhun auduga nauyi ba, ya bi ta gefen katanga yana dafawa, yana ɗaga ƙafa a hankali fenti na tsotsar tafinsa. Sai da suka kai rabi ta yi magana, can ƙasa, dab da kunnensa.

"Da gaske da na ƙone?"

"Da ke da ni."

Ta ƙara ƙanƙame wuyansa. A bakin titi ya sauke ta a inuwa, ya zube gefenta, iska mai daɗi ta bugi fuskarsu. Gwaggo ta leƙo daga maƙwabta, ta gan su shafe da fenti kamar an tsoma, ta saki salati ta taho da gudu.

Tsohuwa ta buɗe tafinta. Kwalin ashanar na nan, ya lotse. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cusa masa a aljihun riga, ta danna da hannu kamar mai tsoron ya fito.

"Ungo, riƙe can, ba na son ganinta." Ta share ido da gefen mayafi, dariya mai rawa ta kuɓuce mata. "Na sallama, kai ne mijin. Su waɗancan mazan da na aura duk cikinsu, ba wanda ya taɓa goya ni."