Rasuwar Dattijo, Katin Hoton Shagon Amiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da ya ƙi kwanciya a ƙarƙashinsa, Malam Amiru Labaran, mai shagon wasan kwamfuta da ke bayan tasha a Kankiya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da magabta waɗanda ya san sun riga kowa ji, rasuwar katin hoton babbar kwamfutarsa, wanda 'yan wasa ke kira girafik, mutanen shago kuma suka fi sani da Dattijo. Ya rasu da la'asar, washegarin Babbar Sallah, a bakin aikinsa, a gaban jama'ar garuruwa biyu, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani ban da mai shi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne allon nan mai fanka biyu da ke zaune a cikin kwamfuta, wanda aikinsa zana duk abin da ido ke gani a talabijin in ana wasa. In ɗan ƙwallo ya ruga, shi ya rugar da shi. In ya tsaya cak a tsakiyar fili da ƙafa ɗaya a sama, to, wannan ma shi ne.

Ba a san ranar haihuwarsa ba. Ya shigo ƙasar nan ne a matsayin na hannu, bayan wani can a ƙasar sanyi ya gama more ƙuruciyarsa. Amiru ya sayo shi a Kano, wajen wani ɗan kasuwa da ya rantse har da dafa ƙirji cewa wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, ita ma hotunan jikokinta kawai take kallo. Amiru ya yarda, domin shi mutum ne mai yarda da duk maganar da za ta rage masa kashe kuɗi.

Marigayin ya rayu cikin tawali'u. Bai taɓa yin almubazzaranci da launi ba. Ciyawar fili a wajensa tabarma ce koriya shimfiɗe, 'yan kallo kuwa kwali ne da aka jera. Fuskokin 'yan ƙwallo duk iri ɗaya yake ba su, kamar an yanko su daga sandar sabulu, don kada wani ya ɗaga wa wani kai. Bai iya gulma ba, amma ba ya shiru. Da safe in an kunna shi yakan fara da "wuuuu" mai taushi, zuwa azahar ya koma "kirrr, kirrr, tak", in rana ta take sai ya shiga wani gurnani da ya sa wata baƙuwa ta taɓa leƙowa da ƙwaryar gero tana tambaya ko nan ne ake niƙa.

Babbar kyakkyawar ɗabi'arsa ita ce natsuwa. Dattijo bai taɓa yin abu da gaggawa ba. In ka danna maɓalli ka ce a buga ƙwallo, sai ya saurare ka, ya auna maganar, ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya buga. Samarin Kankiya da suka tashi a hannunsa sun koyi zama da shi. Sun saba danna bugu tun ƙwallo ba ta iso ba, su yi tsalle tun ba a ɗago kwana ba, har abin ya zama musu jiki, ba su ma san suna yi ba.

A nan ne arzikin Amiru yake, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Duk shekara, washegarin Babbar Sallah, samarin Kankiya da na Kusada suna gasar ƙwallon kwamfuta. Ƙa'idar da suka kafa ita ce garin da ya ci kofi, a shagonsa za a yi gasar baɗi. Kuma inda gasa take, can 'yan wasa ke tururuwa shekara guda, har daga ƙauyukan Mawashi da Boko, don kowa na son ya saba da na'urar da za a kara a kanta. Shekara da shekaru kofin yana kan kantar Amiru. 'Yan Kusada sukan zo da gwanintarsu, su danna bugu a kan lokaci kamar masu hankali, Dattijo ya karɓi saƙon ya ajiye sai ya ga dama, ƙwallo ta wuce. Su koma gida suna cizon yatsa. Amiru kuwa ya tsaya bakin shago yana gaya wa duk mai wucewa cewa basira a jinin Kankiya take.

Mai shagon Kusada, Abdurrahim, taubashin Amiru ne, ɗan gwaggonsa, don haka yana da izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama, kuma bai taɓa barin izinin nan ya lalace ba. Shi tuni ya sauya nasa katin. Bai yi wani dogon nazari ba, ya ga wasan na ƙara nauyi duk shekara, ya sayar da tsohon babur ɗinsa, ya shiga Kano da safe ya dawo da yamma. Amiru ya kira wannan rashin tsari.

Shi Amiru ɗan masu hatsi ne. A rumfar mahaifinsa ya tashi, inda aka koya masa cewa ana saye da kaka, a sayar da bazara, wanda ya yi akasin haka kuma bai san kasuwa ba. Wannan karatu ne ya ɗauko ɗungurungum ya ɗora wa katin hoto. Ya tabbatar wa kansa cewa shi ma girafik yana da kakarsa, lokacin da sabo zai fito tsoho ya zube ƙasa warwas. Ya sa ido a kan wani kati. Ya san sunansa da na yayyensa da na ƙannensa, ya kalli bidiyon masu gwada shi har data ta ƙare, ya ajiye hotonsa a fuskar waya. Shekara da shekaru yana zuwa zance, bai taɓa tura manya ba. Sabo yakan fito, gaskiya ne, tsoho ya ɗan sauko a can inda ake ƙera su, amma kafin saukowar ta iso Kano naira ta riga ta faɗi ta jira shi a ƙasa. Sai Amiru ya gyaɗa kai ya ce kakar bana ba ta yi kyau ba, a jira ta baɗi.

A bara ne cutar ajali ta fara bayyana. Dattijo ya soma zana wasu layuka shuɗɗa a sararin samaniya, ya riƙa cire wa mai tsaron gida kai ya bar jiki yana kama ƙwallo. Amiru ya tsorata, ya yanke shawara irin ta maza. Da aka cire gyaɗa a gonar mahaifiyarsa Iyatu a Kunduru, ya karɓi rabonsa, ya ce wannan gyaɗa ba ta ci ba ce, sadakin magajin Dattijo ce. Za a ajiye ta ta yi tsada, katin ya yi arha, su haɗu a tsakiya.

Ya kai buhunan gida. Matarsa Sakina ta tare ƙofa ta ce, "Wallahi buhu ɗaya ba ya kwana mani ɗaki, ɓeraye su hana ni sakat. Kai su can wajen Dattijonka su riƙa hira."

Ya kai su. Ya jera su a shago, jikin bangon da tagar shagon guda ɗaya tilo take, har suka rufe ta, kafaɗa da kafaɗa da kwamfuta. Marigayin dai ya ƙara murya.

Da zafin bazara ya kankama, jiki ya yi tsanani, aka kira Murtala mai gyara. Ya zo da injin hura iskarsa da fuskar babban likita, ya buɗe ciki, ya zuƙo tafin hannu guda na ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, ya ce zafi ne. Duk yaron da ya taɓa dafa kwamfutar ya ƙone ya san zafi ne, amma shi Murtala sai da aka biya shi. Maganin da ya rubuta shi ne a bar murfin gefe a buɗe, a saita fankar tsaye tana hura ciki. Aka yi haka. Aka buɗe wa ɓerayen da ke bin buhuna ƙofar ɗaki mai ɗumi, ba haya ba kuɗin wuta.

Da shuka ta matso, gyaɗa ta yi tsada. Masu saye suka zo har shago, suka taya, suka ƙara. Amiru ya dubi buhu, ya dubi hoton da ke wayarsa, ya ce a bari Sallah ta wuce tukuna, ya ji a jikinsa akwai sauran tashi. Marubucin wannan sanarwa yana wurin, kuma ya ji haushi har wuya.

Ranar da abin ya faru shago ya cika maƙil, har bakin titi. An kai wasan ƙarshe. Bishir, zakaran Kankiya, yana gaba da ci ɗaya, lokaci ya kusa cika, Amiru ya riga ya fara goge kofi da hannun rigarsa ta Sallah. Sai marigayin ya yi wani "kirrrr" mai tsawo da ba a taɓa ji ba. Fili ya koma ruwan hoda. 'Yan ƙwallo ashirin da biyu suka daskare wuri guda. Aka ji "tak", sannan "fsss", sannan wani ƙamshi ya tashi wanda wasu suka rantse na soyayyar gyaɗa ne. Talabijin ta yi baƙi.

Amiru ya kashe ya kunna. Ya hura. Ya ɗan mammare shi a gefe, kamar yadda ya saba. Fankar tsaye kuwa tana ta aikin banza. Abdurrahim ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya dafa kafaɗar ɗan kawunsa.

"Taubashi, Allah shi ba ka haƙuri, tsoho ya yi ƙoƙari. Mu dai namu lahiya lau yake, kuma na zo da mota. In kun shirya mu tahi Kusada a ƙarasa."

Aka tafi. Abin da ya faru a can ba na faɗa wa mai raunin zuciya ba ne. Na'urar Abdurrahim ba ta da tarbiyya, da ka danna take bugawa. Bishir ya riƙa danna bugu tun ƙwallo na nesa, kamar yadda Dattijo ya rene shi, 'yan wasansa suna harbin iska, suna tsalle su kaɗai a fili, mai tsaron gida yana faɗuwa dama kafin a ɗaga ƙafa. 'Yan Kusada suka zura har suka gaji suka fara ba juna. A nan ne Kankiya ta gane basirar da ake cewa a jininta take, a cikin ciwon Dattijo take, kuma ta bi shi.

Binciken da Murtala ya yi washegari ya nuna an cinye wayar fanka ɗaya tun tuni. A ƙarƙashin marigayin kuma an tarar da rumbun wani ɓera mai tattali, cike da gyaɗa, ta soyu jawur. Murtala ya ɗanɗana, ya ce gishiri kawai ta rasa.

Marigayin ya rasu ya bar talabijin guda, wadda ta shiga takaba sanye da baƙi. Ya bar fanka ɗaya mai rai da ta daɗe tana yin aikin biyu ba wanda ya gode mata, da hannuwan wasa huɗu da ba mai riƙe su, da ɓeraye marayu da yawa. Ya bar bencina uku da suka samu hutu, domin samarin da ke zama a kansu yanzu Kusada suke yini, har da Bishir, wanda aka ce yana can yana koyon danna maɓalli daga farko. Ya bar tabon zagaye a kan kanta inda kofi yake zama. Ya kuma bar buhunan gyaɗa, waɗanda da aka kwance bakinsu aka tarar ɓera da ƙwaro sun riga masu saye, rabi ɓawo, rabi gari.

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, likitansa ya hana. Za a fitar da shi ranar kasuwa da hantsi, daga shago zuwa baron ɗan gwangwan, wanda ya riga ya zo ya jinjina shi a hannu ya ce zai ba da ƙaramin bokitin roba, in an haɗa masa da fankar katin da ta rage. Sakina ta ce tana son bokitin.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a shago, inda wurin zama ya wadata. Za a raba sadakar gyaɗa, amma kowa ya zo da faifansa don sai ya sheƙe. Ana roƙon masu ta'aziyya su taƙaita, kada wanda ya ce ai ya faɗa, domin an san kowa ya faɗa. Abdurrahim ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba saboda yawan jama'a a shagonsa, amma motarsa za ta tsaya bakin tasha ga duk wanda ya gama gaisuwa yake son buga wasa.

Game da wanda zai gaji marigayin kuwa, Malam Amiru yana roƙon jama'a su daina gaggawa. Ya ce ya samu labari mai tushe cewa farashi na gab da saukowa, kuma Iyatu ta riga ta shuka gyaɗar bana. A jira kaka.