Rasuwar Wayar da Ba Ta San Enoch Ya Mutu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya ƙi kwanciya, Madam Judith, matar marigayi Enoch, manomi a wani ƙauye da ke bayan Malumfashi, tana sanar da dangi da 'yan coci da maƙwabta rasuwar wayar mijinta. Ta cika ranar Talata a kan teburin mai gyara a Funtua, tana da shekara shida, biyun ƙarshe a hannun gwauruwa. Masu cewa ai waya ce kawai, su yi haƙuri su karanta zuwa ƙasa.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kada a yi mata ƙarya don ta mutu. Fuskarta a tsage take, bayanta ɗaure da roba, muryarta a dishe. In saƙo ya shigo sai ta ce "ƙurr-tun", kamar mai gyaran murya. Amma akwai haƙuri. Sabis mai ƙarfi ba ya shiga gidan sai gindin ɗorawar bakin gona, can Enoch yake kai ta kowace yamma in ya ajiye fartanya, Judith na gefensa tana ɓarar gyaɗa, suna jiran 'yar da'irar nan ta fuskar wayar ta gama juyi. Bidiyon minti biyar sai ya ci musu rabin awa.

Babban alherinta shi ne ba ta taɓa sanin Enoch ya mutu ba. Fasto ya yi addu'a, an raba kaya, babur ya koma hannun ƙanensa Jonah, kowa ya saba. Ita kuwa duk ranar da Judith ta kunna data sai ta jero masa abin da yake so: dambe, gyaran injin ban-ruwa, tsofaffin waƙoƙin coci. Har sababbi take nemo masa, ta rubuta a sama cewa dominsa aka zaɓo. Shekara biyu Judith ba ta nemi abin kanta a ciki ba, ko girki ko ɗinki, don kada wayar ta gane hannu ya canja. Matar da ba ta iya kallon yankan kaza ta zauna ta kalli dambe har ta san 'yan damben da sunayensu. Wani lokacin abin yakan ba ta tsoro. Da rana tsaka, gida shiru, wayar za ta ce "ƙurr-tun" ita kaɗai, sai Judith ta waiga ƙofa.

Ciwon ajali ya fara ne da wayar ta faɗa bokitin wanki. Aka binne ta cikin buhun dawa kwana uku, ta farfaɗo, amma ta riƙa suma. Jonah ya kai ta Funtua wurin Malam Ubaidullahi mai gyara, shi kuma ya ce sai an yi mata filashin, wato a wanke mata ƙwaƙwalwa, kuma komai zai dawo in an kawo lambar sirrin imel ɗin Enoch. Jonah ya aiko yana tambaya, Judith ta ce a yi, ta san inda lambar take. Enoch bango ne littafinsa, da gawayi ya rubuta ta a bayan ƙofa, kusa da lambar mai taki.

Sai da ta ja ƙofar ta tuna. Kirsimetin bara matan zumuntar coci sun zo sun yi mata sabon yaɓe, sun shafe shi da farar ƙasa, don kada gwauruwa ta yi biki a baƙin ɗaki. Har shinkafa ta dafa musu tana godiya. Ta ɗauko wuƙa ta kankare bangon har ta kai tsohuwar jar ƙasa, ba ta sami ko harafi ɗaya ba.

Jonah ya dawo da murnarsa. "Ai ta fi da sauri, Madam Judith, kunna ki gani." Ta kunna. Wayar ta yi mata barka da zuwa kamar baƙuwa, ta jero bidiyoyin da ake nuna wa kowa. Ranar Judith ta yi kukan da ya fi na makabarta, domin wannan karon da bakinta ta ce a yi.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai karyayyen wuya, wadda ba ta aiki sai an danne ta da dutse. Ta bar layi, da gindin ɗorawa, da wani fim mai dogon zango da Enoch ya tsayar a kashi na goma sha ɗaya, ya ce sai gobe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a gidan marigayi Enoch, bayan an taso daga gona. Fasto ya ce ba zai iya jagoranta ba, amma zai biyo ta wajen. Tun da gawar tana kunnuwa, ba za a sa ta a ƙasa ba, za a kashe ta, a naɗe cikin hular Enoch, a ajiye a ƙasan akwati. Iyali na roƙon masu ta'aziyya kada su kawo hatsi ko kaza. Duk wanda Enoch ya taɓa tura wa bidiyo, kuma bai goge ba, ya zo da wayarsa da caji a ciki. Ko da na yadda ake yi wa kaji allura ne, Judith za ta zauna ta kalla har ƙarshe.